Shin ƙaramin jirgin ɗaukar hoton biki zai iya yi wa jirgin fasinja illa? Fashin baƙi ga mutanen Kaduna

Shin wannan ɗan ƙaramin jirgi da masu ɗaukar bidiyo ke tayarwa a wajen ɗaurin aure, wanda nauyinsa bai kai na mudun shinkafa ba, zai iya yi wa jirgin sama mai ɗauke da fasinja fiye da ɗari wata illa ta a zo a gani? Tambayar takan taso duk lokacin da labari ya zo cewa an rufe wani babban filin jirgi saboda an hango jirage marasa matuƙa a kusa da shi, kamar yadda ya faru a Kopenhagen ta ƙasar Denmak a watan Satumba na 2025, inda aka dakatar da sauka da tashi na kusan awa huɗu. A majalisun hira na Kaduna amsar da aka fi ji iri biyu ce. Wasu na cewa tsoro ne kawai irin na Turawa, don abin wasan yara ba zai iya taɓa ƙarfen da ya kai girman gida ba. Wasu kuma da zarar sun ji an ambaci jirgi mara matuƙi, sai hankalinsu ya tafi ga makamin yaƙi, su ɗauka maganar ta sojoji ce da 'yan ta'adda, ba ruwan talaka da ita. Duka amsoshin biyu sun kauce wa inda matsalar take, kuma a gari irin Kaduna, wanda jirage ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan unguwanninsa kusan kullum, wannan kuskuren fahimta yana da tsada.

Wane jirgi ake magana a kai?

Sunan jirgi mara matuƙi ya tattara abubuwa da yawa waɗanda ba su da wata alaƙa sai rashin mutum a cikinsu. Akwai na soja, mai faɗin fukafukai, wanda ke ɗaukar makami. Mutanen Igabi ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, domin shi ne ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba, 2023, ya kashe mutane fiye da tamanin, kuma har yau zafin abin bai bar zukata ba. Akwai na aiki, irin waɗanda kamfanin Zipline ya fara tayarwa daga Pambegua a 2022 domin kai magunguna da alluran rigakafi zuwa asibitocin karkara; waɗannan suna da izini, suna da hanyoyin da aka tsara musu, kuma hukumomin sararin samaniya sun san da zamansu. Kaduna ma tana da nata tarihin ƙera su, domin a nan aka ƙaddamar da Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, dukansu aikin injiniyoyin rundunar sojin sama.

Wanda wannan rubutu ke magana a kai shi ne na ukun: ɗan ƙaramin nan mai farfela huɗu da kyamara a ƙasansa, wanda matasa ke kira diron, ana sarrafa shi da rimot da wayar hannu. Yawancinsu ƙirar kamfanin DJI ne na ƙasar Sin. Mafi ƙanƙantarsu ba sa kai giram 250, matsakaita suna wajen giram 900, tsohon samfurin Phantom kuma, wanda ya daɗe yana hannun masu ɗaukar biki, ya ɗan haura kilo ɗaya. Da shi ake ɗaukar jerin gwanon motocin amarya, da hawan sallah, da taron siyasa, da filayen da dillalai ke tallatawa a sababbin unguwanni. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da matasa da dama, kuma ba wanda ke da hankali da zai ce a kashe ta. Abin dubawa shi ne inda ake tayar da shi, da tsayin da ake kai shi.

Nauyi kaɗan, gudu mai yawa

Mai cewa abin wasa ne yana auna na'urar ne a tafin hannunsa, tana tsaye. Amma a sama ba a tsaye ake haɗuwa da ita ba. Jirgin fasinja da ke shirin sauka yana tafiya ne da gudun da ya kai kilomita 250 a awa ɗaya, wato kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa, kuma ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan yakan ninka sau huɗu. Idan aka yi lissafin, abu mai nauyin kilo ɗaya da ya gamu da jirgi a wannan gudun yana sauke masa ƙarfin da ya yi daidai da na buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsayin mita biyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen gini ya san abin da wannan ke nufi. Bambancin kawai shi ne, buhun siminti yana da faɗi, ita kuwa wannan na'ura duk ƙarfin nata yana taruwa ne a wuri ɗan ƙarami.

Za a ce ai jirage suna karo da tsuntsaye kullum kuma suna sauka lafiya. Gaskiya ne, galibi suna sauka lafiya, amma ba koyaushe ba. A ranar 15 ga Janairu, 2009, garken dinya ya kashe injina biyu na wani jirgin kamfanin US Airways jim kaɗan bayan ya tashi daga birnin New York, dole matuƙinsa ya saukar da shi a kan kogin Hudson, kuma Allah Ya kuɓutar da mutane 155 da ke ciki. Wannan tsuntsu ke nan, wanda nama ne da gashi da ƙashi mara nauyi, wanda idan ya bugi ƙarfe yakan tarwatse kamar ruwa. Masu ƙera jirage sun shafe shekaru da dama suna gwada injina da gilashin gaba da gawar tsuntsaye kafin a ba su lasisi, don haka an san iyakar abin da za su iya jurewa. Diron ba nama ba ne. A cikinsa akwai motoci huɗu na ƙarfe da maganaɗisu, da kyamara, da batirin litiyam mai tauri wanda shi ne kaso mafi nauyi a jikinsa. Binciken da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ɗauki nauyinsa, wanda aka fitar a ƙarshen 2017, ya nuna cewa irin wannan na'ura tana yi wa jikin jirgi ɓarna fiye da tsuntsun da suke nauyi ɗaya, saboda taurin kayan cikinta. A 2018 masu bincike a Jami'ar Dayton sun harba wani diron samfurin Phantom a kan fiffiken ƙaramin jirgi da gudun da ya haura kilomita 380 a awa. Maimakon ya farfashe a waje, sai ya huda gaban fiffiken ya shige ciki, ya lalata ƙarfen da ke riƙe da shi. Kamfanin DJI ya yi ƙorafin cewa gudun da aka yi gwajin da shi ya wuce abin da ake gamuwa da shi a zahiri, kuma ƙorafin yana da kama, amma ramin da aka gani a fiffiken bai gushe ba saboda ƙorafin.

Sai kuma batun batir, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Batirin litiyam idan aka huda shi ko aka matse shi yakan kama wuta da kansa, wuta mai wuyar kashewa. A cikin fukafukai kuwa yawancin jirage suke ajiye mansu.

Me zai hana matuƙi ya kauce?

Wannan ita ce tambayar da direbobin mota suka fi yi, domin su sun saba da kauce wa rami da akuya. Masana harkar jirage a Amurka sun ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu, ya gane menene, ya fahimci cewa hanyarsu ɗaya, ya yanke shawara, ya motsa hannunsa, har jirgin ya amsa, ana buƙatar kimanin daƙiƙa 12 da rabi. A gudun sauka, jirgi yana cin kusan mita 900 a cikin wannan lokaci. To, wane ido ne zai hango abu mai faɗin faranti, mai launin toka, daga nisan da ya kusa kilomita ɗaya, alhali mai idon yana duban ƙasa ne inda rufin kwano da itatuwa da hayaƙi suka cakuɗe? Balle a watannin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke rufe Kaduna har mutum ya kasa ganin ƙarshen layinsu. Yawancin matuƙan da suka ba da rahoton ganin diron sun gan shi ne yana wucewa ta gefen taga, lokacin da babu sauran abin yi.

Ma'aikatan hasumiyar filin jirgi, masu ba jirage umarnin sauka da tashi, su ma ba su da wata dabara mai yawa. Jiragen gaske suna ɗauke da wata na'ura da ke sanar da rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, sunansu da tsayinsu, kuma da ita ce tsarin gargaɗin karo da ke cikin jiragen fasinja yake aiki, har jirage biyu su yi wa juna kashedi ba tare da sa bakin mutum ba. Ɗan jirgin biki ba ya ɗauke da wannan na'ura. Radar filin jirgi kuma an saita ta ne ta yi watsi da ƙananan abubuwa masu tafiya a hankali, in ba haka ba allon zai cika da tsuntsaye. Saboda haka matuƙi bai gan shi ba, hasumiya ba ta gan shi ba, na'urar gargaɗi ba ta san da shi ba. Mutum ɗaya tak ne a duniya ya san inda yake, wato saurayin da ke tsaye a ƙasa riƙe da rimot, shi ma idanunsa suna kan allon waya, yana kallon abin da kyamara ke nuna masa ta gaba ko ta ƙasa, ba abin da ke tahowa ta bayansa ba.

Inda hanyoyin suke haɗuwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa muddin ba su tsallaka shingen filin jirgi ba, to ba su shiga hurumin kowa ba. Amma jirgi ba daga sama yake faɗowa kan titinsa kamar ungulu ba. Gangarowa yake yi a hankali daga nesa, a kan wani zare da ba a gani, wanda yake sauka kimanin mita 52 a kowace kilomita. Ma'anar wannan ita ce, jirgin da ya rage masa kilomita biyar ya taɓa ƙasa yana tsayin kimanin mita 260 ne kacal, wanda ya rage masa kilomita biyu da ɗan ƙari kuma ya riga ya sauko ƙasa da mita 120. Mita 120 ɗin nan, wato ƙafa 400, ita ce iyakar tsayin da yawancin ƙasashe suka yarda ƙananan jirage marasa matuƙa su kai. Ke nan a kusa da filin jirgi, ko wanda ya kiyaye iyakar tsayi yana iya kasancewa a tsakiyar hanya. Wanda bai kiyaye ba kuwa, manhajar yawancin waɗannan na'urori tana barin mutum ya ɗaga iyakar har zuwa mita 500, tsayin da jirgin fasinja ke bi tun yana kusan kilomita goma daga titin sauka. Kuma sauka da tashi su ne lokutan da jirgi ya fi rauni: gudunsa kaɗan ne, ƙasa tana kusa, babu sararin gyara kuskure.

Yanzu a ɗora wannan lissafi a kan taswirar garinmu. Akwai babban filin jirgin saman Kaduna a ƙaramar hukumar Igabi, arewa maso yamma da gari, kusa da Afaka inda Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja take. Shekaru ashirin da suka wuce yawancin wannan yanki gonaki ne. Yau gine-gine suna ta matsawa can, kuma duk inda aka yanka filaye, dillali zai so hoton sama da zai nuna wa masu saye. Wannan shi ne haɗarin da kowa zai iya hangowa.

Wanda aka fi mantawa da shi yana cikin gari. Sansanin sojin sama na Mando, inda tsohon filin jirgi yake, yana da makarantar koyon tuƙi wadda a cikinta matasan hafsoshi ke fara koyon tashi da ƙananan jirage masu inji ɗaya. Mazauna Mando da Kawo da Hayin Banki da Kurmin Mashi sun san ƙararsu, suna zagayawa suna sauka suna sake tashi. A Zariya ma haka abin yake, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, take da filinta a cikin gari, ɗalibai suna shawagi a kan unguwanni. Ga kuma jirage masu saukar ungulu na soja da na 'yan sanda, waɗanda matsalar tsaro ta sa suke zirga-zirga ƙasa-ƙasa zuwa dazukan Birnin Gwari da sauran wurare, ba tare da wani jadawalin da jama'a suka sani ba.

A ganina waɗannan ne suka fi shiga haɗari, ba manyan jiragen Legas da Abuja ba. Babban jirgi yana da injina biyu, da matuƙa biyu ƙwararru, da gilashi mai kauri da aka gwada. Jirgin koyo inji ɗaya gare shi, gilashin gabansa na roba ne mara kauri sosai, kuma wanda ke bayan gilashin wataƙila yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai da aka bari ya tashi shi kaɗai a karon farko, duk hankalinsa yana kan yadda zai daidaita jirgin da titi. Idan abu mai nauyin kilo ɗaya ya fasa wannan gilashi, fuskarsa zai samu. Jirgi mai saukar ungulu kuwa rayuwarsa tana rataye ne a kan farfelar sama da ƙaramar farfelar wutsiya, kuma idan ta wutsiyar ta lalace jirgin yakan fara juyawa a kan kansa. Idan irin wannan jirgi ya faɗo a Kawo, ba a daji zai faɗo ba, a kan rufin mutane ne.

Na taɓa halartar wata walimar aure a wannan ɓangare na gari, inda mai ɗaukar bidiyo ya tayar da nasa har ya ɓace wa ido, domin ango ya ce yana son a ɗauko unguwar gaba ɗaya. Ba a fi minti goma da saukar da shi ba wani ƙaramin jirgin koyo ya ratsa ta saman wurin. Babu wanda ya haɗa abubuwan biyu a ransa, har shi mai bidiyon, wanda yaro ne mai ladabi da neman na kansa. Abin da na fahimta a ranar shi ne ba mugunta ce ke kawo wannan haɗari ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa.

Abin da ya riga ya faru a wasu wurare

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin masu wannan sana'a suna da hujja: har yanzu ba a tabbatar da cewa wani ƙaramin diron na nishaɗi ya kayar da babban jirgin fasinja ba. Wasu rahotannin ma sukan zama kuskure, kamar na watan Afrilu na 2016 a filin Heathrow na Landan, inda aka fara cewa diron ya bugi jirgin British Airways, daga baya wani minista ya ce mai yiwuwa leda ce iska ta ɗauko. Amma karon da aka tabbatar ma suna nan.

A watan Satumba na 2017, wani diron samfurin Phantom 4 ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu samfurin Black Hawk a gaɓar New York, a tsayin kimanin mita 90, ya lalata ɗaya daga cikin fukafukan farfelarsa. Mai na'urar yana tsaye a nisan kilomita huɗu, ba ya ganinta, bai san an hana tashi a yankin a ranar ba, kuma bai ma san an yi karon ba sai da masu bincike suka same shi ta hanyar lambar da ke jikin guntun motar da aka ciro daga jirgin. Wata guda bayan haka, a Kanada, wani diron ya bugi ƙaramin jirgin fasinja mai ɗauke da mutane takwas yana shirin sauka a birnin Kebek. Ɓarnar kaɗan ce, aka sauka lafiya. A watan Janairu na 2025 kuma, lokacin da gobara ke cinye unguwannin Los Anjelas, wani mutum ya tayar da nasa don ya ga ɓarnar wutar, na'urar ta ɓace masa, ta huda fiffiken jirgin da ke ɗebo ruwa yana zubawa a kan gobarar. Jirgin ya yi kwanaki a ƙasa ana gyara alhali gidaje suna ci da wuta, mutumin kuma ya amsa laifinsa a kotu tare da yarda ya biya fiye da dala 65,000. Na'urar da ta yi wannan aika-aika irin ƙaramar nan ce da ba ta kai giram 250 ba, wadda a nan ake cewa ta yara ce. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Asarar da ake yi ko ba a yi karo ba

Da yake ba a iya ganin na'urar a rada, kuma ba a san nufin mai ita ba, abin da ya rage wa masu kula da filin jirgi idan an hango ta shi ne su tsayar da komai. Misalin da ya fi shahara shi ne na filin Gatwick a Ingila, daga 19 zuwa 21 ga Disamba, 2018, inda rahotannin ganin diron suka sa aka soke ko aka karkatar da tashin jirage kusan 1,000, abin ya shafi fasinjoji kimanin 140,000 ana gab da Kirsimeti. An kama mutane biyu, aka sake su ba tare da tuhuma ba, kuma har yau ba a gurfanar da kowa ba. Bayan wannan ne Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka hana tashi a kewayen filayen jirage daga kilomita ɗaya zuwa kimanin biyar.

Kaduna ba Gatwick ba ce, amma ta fi Gatwick rashin ƙarfin jure irin wannan. Filinmu ya nuna amfaninsa a 2017, lokacin da aka rufe na Abuja na mako shida domin gyaran titi aka dawo da zirga-zirgar nan. Ya kuma nuna rauninsa bayan harin da 'yan bindiga suka kai kusa da titin jirgi a watan Maris na 2022, inda kamfanoni suka janye jiragensu, aka daɗe ana lallashi kafin harkoki su fara dawowa. Filin da yake fafutukar dawo da amincin kamfanoni ba ya buƙatar a ƙara masa sunan wurin da ake ganin diron a hanyar sauka. Idan jirgi ya kasa sauka ya juya Abuja ko Kano, wanda zai ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗan kasuwar da ya rasa alƙawari, da mara lafiyar da ake jira, da maniyyacin da ya kwana a sansanin alhazai na Mando yana jiran a kira sunansa, da direban tasi da mai sayar da abinci da ke ci daga filin.

Akwai kuma haɗarin da ke kan mai na'urar kansa. Tun da aka fara samun rahoton cewa mayaƙan ISWAP suna amfani da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa wajen leƙen asiri da kai hari, har rundunar Operation Hadin Kai ta haramta tayar da su a Arewa maso Gabas a watan Janairu na 2025, jami'in tsaro ba ya kallon diron a matsayin kyamarar biki. Saurayin da aka kama yana shawagi da nasa a gefen sansanin soja a Kaduna zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa hoton amarya yake ɗauka.

Me doka ta ce, kuma ina ta gaza?

Tun a watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar cewa ba wanda zai tayar da jirgi mara matuƙi a sararin ƙasar nan sai da izininta da kuma amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Shigo da su ma yana buƙatar takardar amincewa daga wannan ofishi. A ƙa'idojin sufurin jiragen sama na 2023 an ware musu babi na musamman, kuma wata hukumar daban, NAMA, ce ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniya, don haka duk wanda zai yi aiki kusa da filin jirgi dole hasumiya ta san da shi.

Matsalar ita ce dokar ta fito da nauyin da ƙaramin ɗan sana'a ba zai iya ɗauka ba. Sharuɗɗan da aka bayyana a wancan lokaci ga mai son yin kasuwanci da na'urar sun haɗa da kamfani mai rajista da jarin naira miliyan 20 da kuɗin neman izini naira 500,000 da ba a mayarwa. Wannan tsari ne da ya dace da kamfanin safiyo ko na mai, ba yaron da ya tara kuɗin ɗaukar biki ya sayi na hannu ba. Sakamakon da aka samu shi ne wanda kowa zai iya hasashe: mafi yawansu ba su nemi izinin ba, hukuma ba ta san adadinsu ba, su kuma ba su taɓa zama a gaban wanda zai nuna musu inda hanyar jirage ta bi ba. Masu sana'ar suna cewa an rufe musu ƙofa sannan ana zarginsu da shiga ta taga. Hukumomin tsaro kuma suna cewa a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba za a saki irin wannan na'ura sakaka ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ni ina ganin dokar da ba a iya bi ba ta kare matuƙin da ke sama daga komai. Rajista mai sauƙi da araha, da ɗan gajeren horo na kwana ɗaya da Hausa, da taswira ƙarara da ke nuna unguwannin da ba a tashi a cikinsu, za su fi amfani nesa ba kusa ba. Kuma babu jihar da ta fi Kaduna kayan aikin yin hakan, tunda kwalejin Zariya da Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama duk suna cikinta.

Kada a dogara da na'urar ta hana kanta

Wasu masu sana'ar suna cewa ai na'urar tana da hankali, ba ta yarda ta tashi kusa da filin jirgi. A da akwai ƙamshin gaskiya a wannan, domin DJI ta sa wani shinge a manhajarta da ke amfani da GPS ya hana tashi a wasu wurare. Amma shingen bai san jirgi mai saukar ungulu da zai ratso ta unguwa ba, kuma kamfanin da kansa ya fara sassauta shi: a Amurka, daga Janairun 2025, ya mayar da shi gargaɗi kawai wanda mutum zai iya dannawa ya wuce. Sannan akwai wata ɗabi'a ta na'urar da ba kowa ke lura da ita ba. Idan sadarwa ta yanke tsakaninta da rimot, ko batir ya yi ƙasa, takan hau da kanta zuwa tsayin da aka saita mata, ta miƙe zuwa inda ta tashi. Wanda ya saita wannan tsayi da yawa don gudun turakun sadarwa da dogayen gine-gine, to a daidai lokacin da ya rasa iko da ita ne za ta ƙara hawa sama.

Saboda haka nauyin yana komawa kan mutane biyu, mai rimot da wanda ya ɗauke shi aiki. Mai rimot kada ya bar na'urar ta ɓace wa idonsa, kada ya wuce mita 120, ya saukar da ita nan take idan ya ji ƙarar jirgi ko da bai gan shi ba, kuma ya ɗauki kilomita biyar daga kowane filin jirgi ko sansanin sojin sama a matsayin mafi ƙarancin tazara, ya ƙara a kan haka idan yana daidai saitin titin sauka. Wanda ya ɗauke shi aiki kuma, ko ango ne ko ɗan siyasa ko dillalin fili, shi ne yawanci ke cewa a ƙara sama, kuma yaron da ke jiran a biya shi ba ya iya musu. Idan bikin a Mando ne ko Kawo ko Afaka, ko a unguwannin da ke kewaye da filin kwalejin Zariya, mai biki ya gaya wa mai bidiyo tun ranar da suke ciniki cewa ya bar diron a gida, a ɗauki hoton daga saman bene.